Saiwar Babana a Cikin Kwalba

Kaka ta yi a Bagamer.
Babana ya tono torma, farar saiwa mai yajin hawa ka,
ya loda wa motar kamfani,
aka auna, aka biya shi kilo-kilo.
Ni kuwa ina can ƙarshen layi, a Debrecen,
inda saiwa cike da mota
ke komawa garin da bai rufe tafin hannu ba.

Enzayim ake ce masa.
Launin ƙasa gare shi, ba wari, ba ƙamshi.
Ba shi da rai, amma yana mutuwa,
ɗumi kaɗan ya ishe shi.
Shi ya sa nake aiki da safar hannu biyu,
numfashina na tashi kamar tururin tukunya,
ina jera 'yan kwalabe cikin busasshiyar ƙanƙara
wadda ba ta narkewa, sai dai a neme ta a rasa,
kamar albashi a tsakiyar wata.

Manajanmu Zsombor ba nauyi yake sayarwa ba.
Kuzari yake sayarwa.
Daga Osaka, daga Basel, daga Pune
tambayar ɗaya ce:
ƙarfinsa nawa, zai kai wane wata?
Ni ce mai amsawa.
In ɗiga ɗigo guda cikin ruwa garau,
in jira.
In ya rine shuɗi, an ci kasuwa.

Wata Alhamis akwatinmu ya maƙale a kwastan
saboda lamba ɗaya da tawada ta cinye.
Ƙanƙarar kwana huɗu muka zuba.
Zsombor ya kwana da waya a kunne,
yana ba da haƙuri cikin harsuna uku.
Sai ran Laraba aka buɗe.
Garin na nan, launinsa na nan,
aka ɗiga, aka jira,
bai ce uffan ba.
Gonar mutum uku ke nan, da ciwon bayansu.

A Fabrairu babana ya soma ramewa.
Bel ɗinsa ya nemi sabuwar huda, ya sake neman wata.
Na kai shi asibiti a bas ɗin safe.
Piroska, nas mai tabarau a goshi,
ta ja jininsa, ta manna suna, ta shige wata ƙofa.

Na san abin da ke bayan ƙofar.
Faranti ne mai ƙananan rijiyoyi casa'in da shida,
kuma a gindin kowace rijiya
wataƙila aikin hannuna ne ke kwance,
ya je Jamus, an sa masa sabuwar riga da tambari,
ya dawo gida da tsada.

Shekara goma sha ɗaya
ina murna duk ranar da ruwa ya yi shuɗi.
Ranar nan, a kan bencin roba,
na roƙi Allah ya bar shi fari.

Babana ya karɓi takardar kuɗin gwajin,
ya nisanta ta da idonsa, leɓensa na motsi.
Da kilo yake lissafi, ba ya lissafi da wani abu.
“Buhu shida,” ya ce.
Sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
“Etelka, ashe saiwata ta je birni ta yi karatu,
ta dawo ba ta gaishe ni ba.”

An ce mu koma ran Litinin.

Yau Juma'a. Ina ɗakin sanyi.
Oda ta zo daga Pune, kwalba arba'in.
Na gwada ta farko, ta rine nan take,
shuɗi mai zurfi, ba tababa.
Na rubuta lambar, na sa hannu,
na ƙara musu ƙanƙarar kwana biyu
ban faɗa wa Zsombor ba.